Kalmar "guide" da ƙannenmu da ke sauka a tasha

Zuwa ga 'yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun yau yana da tsawo, wanda datarsa ke numfashin ƙarshe ya ajiye shi sai dare.

Duk wanda ya taɓa rubuta furojet, na digirin farko ne ko na biyu, ya san wata jumla da malamai masu duba aiki suke so kamar me. Ranar farko da ka shiga ofis, tun kafin ka gama zama za a ce maka, "I am only here to guide you." Wato ni nawa nuna hanya ne, aikin kuwa naka ne. Maganar ba ta da aibu, gaskiya ce. Sai dai fassararta tana canzawa daga ƙofa zuwa ƙofa. A wani ofishin, ma'anarta malam zai jawo kujera, ya ɗauki jan biro, ya bi babinka layi-layi har ka rasa inda za ka sa kanka. A ofishin da ke kusa da shi kuma, ma'anarta ita ce kada ka dame ni, in ka gama ka kawo. Kuma su biyun kalma ɗaya suka faɗa.

Wannan ne ya sa na bi sawun kalmar a ƙamusoshin da ke kawo asalin kalmomin Turanci, in ga wanne daga cikin malaman nan biyu ya fi kusa da ita. Abin da na tarar ya fi shafarmu mu ɗalibai a kan malaman, shi ya sa na kawo shi nan.

Da farko dai, "guide" ba haifaffiyar Ingila ba ce, baƙuwa ce. Ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14 daga Faransanci, inda ake cewa "guider", kafin nan kuma "guier". Su ma Faransawan aro suka yi. Bayan faɗuwar daular Rum, wata ƙabila mai suna Frank, dangin Jamusawa, ta mallaki ƙasar, daga sunanta ma aka samo Faransa. Masana sun ce a bakin waɗannan mutane kalmar da harafin w take farawa, wani abu kamar "witan", ma'anarta nuna hanya. To mutanen da suka tarar a ƙasar, waɗanda harshensu ya fito daga Latin, bakinsu bai saba da w a farkon kalma ba, sai suka riƙa sa mata g a gaba. Mu kam bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, mu da muka mai da "screwdriver" sukudireba, muka mai da "conductor" kwandasta.

Shaidar wannan sauyi tana nan zube a Turancin da muke yi kullum. A shekarar 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na kusan shekara 300. Shi kansa William ɗin, Guillaume Faransawa ke ce masa. Mutanen Normandi sun riƙe w, mutanen Paris sun koma g, Turanci kuma ya kwashi duka biyun. Shi ya sa yau ake da "warranty" ga kuma "guarantee", wadda muka mayar garanti. Ake da "warden" ga kuma "guardian", 'yar ɗakin "guard", inda muka samo gadi da mai gadi.

In ka cire g ɗin nan daga "guide", sai danginta su fito fili: "wit", "wise", "witness", da "wissen" ta Jamusanci, wato sani. Masana harshe sun bi su baya har zuwa wani tushe guda, "weid", na wani tsohon harshe da ba a taɓa rubuta shi ba. An gano kamanninsa ne ta hanyar gwama harsunan da suka fito daga cikinsa, tun daga Turanci da Latin da Girkanci har Farisanci da Sanskrit na Indiya. Tushen ma'ana biyu ya goya a haɗe, gani da sani. A tsohon Girkanci, in mutum zai ce "na sani", kalmar da yake faɗa, "oida", gininta na asali "na riga na gani" ne. Littattafan addinin Hindu mafi tsufa, Veda, sunansu daga nan yake, ma'anarsa sani. Hausa ba dangin waɗannan harsuna ba ce, amma tunanin ya zo ɗaya. Mu ma daga gani muka fitar da ganewa. In malami ya gama bayani ya ce "kun gane?", tambaya yake ko idon zuci ya gani. Kuma tun kaka da kakanni ake cewa gani ya kori ji.

Ashe ke nan a asalin kalmar babu maganar girma, babu muƙami, babu ba da umarni. "Guide" shi ne wanda ya taɓa ganin hanyar da idonsa, shi ya sa ya san ta, shi ya sa zai iya sa wani ya gan ta.

Ga inda abin ya fi ba ni sha'awa. Wannan tushen a Latin ya zama "videre", gani. Daga nan bidiyo ta fito, da biza, wato takardar da aka gani, da rabin ƙarshe na talabijin, da "adviser" ɗin nan da ke sa mana hannu a fom ɗin kwasa-kwasai. Daga nan kuma "supervisor" ta fito, "super" sama, "visor" mai gani. Kun ga "guide" da "supervisor" kakansu ɗaya, duk jikokin gani ne. Bambancinsu yana wurin tsayuwa. Ɗaya yana sama yana leƙo ka, ɗayan yana ƙasa tare da kai, ƙura ɗaya kuke shaƙa. Su kansu Turawan kamar sun san illar kallo daga sama, don kalmarsu "oversight" tana nufin sa ido a kan aiki, tana kuma nufin abin da ya wuce ba a lura da shi ba. Duk ɗan masta da ya taɓa tsayawa difens aka tono masa ɓaraka a babi na uku bayan an sa masa hannu, ya san ma'anar ta biyu ba sai an fassara masa ba.

A farkon zuwanta Turanci, mutum kalmar take nufi, mai ƙafa biyu. A cikin Canterbury Tales na Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, matafiya ne suka taru a wani masauki a bakin Landan za su tafi ziyara garin Canterbury. Mai masaukin, fatomansu ke nan, ya yi musu tayin zama "guide" ɗinsu. Abin da ya yi kuwa shi ne ya hau dokinsa ya bi su, da kuɗin aljihunsa. Bai zana musu taswira ya koma ciki ya rufe ƙofa ba.

Daga baya ne kalmar ta fara sauka daga kan mutum tana hawa kan abubuwa. Ta zama littafin matafiya. A 1900 kamfanin taya na Michelin ya fara raba wa direbobin Faransa wani ɗan littafi kyauta mai wannan suna, yana nuna inda za a sami fetur da makaniki da wurin kwana, don mutane su yawaita tafiya, taya ta cinye, su sayi sabuwa. Ta zama "guideline", ta zama "study guide", ta shiga "Guidance and Counselling" da da yawa daga cikinmu ke karantawa, har makami mai linzami "guided missile" suke ce masa. Yau in ka sami gurbin karatu, "guide" ɗin da za a turo maka fayil ne na PDF mai shafuka barkatai, wanda aka rubuta tun kafin a canza fotal ɗin rajista. Kalmar da ta fara da mutumin da zai hau doki ya bi ka, ga ta ta ƙare a takardar da ba ta amsa tambaya.

Duk da haka tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. A 1846 Turawan mulkin mallaka suka kafa wata runduna a arewa maso yammacin Indiya, yankin da ke cikin Pakistan yanzu, suka sa mata suna "Guides". 'Yan ƙasar suka ɗiba, waɗanda suka san duwatsu da kwazazzabai, don Bature da bindigarsa da taswirarsa bai san inda zai sa ƙafa ba. Da ɗan gari akan ci gari. Su ne aka sani da fara sa kaki, kakan wanda muka sa a hidimar ƙasa, kuma sunansu Baden-Powell ya ara wa ƙungiyar 'yan mata ta Girl Guides a 1910. Sannan akwai "guide dog", karen da aka horar don ya ja makaho.

Wannan na ƙarshen ya dawo da mu gida, wurin tamu kalmar. Jagora. Ja da gora. Yaro yana gaba riƙe da bakin sanda, makaho yana baya riƙe da ɗaya bakin. Babu wanda bai ga wannan a titin garinsu ba. Ku dubi hoton da kyau. Ɗan jagora yawanci shi ne ƙarami, ba shi da rawani, ba shi da kujera. Abu ɗaya ya fi na bayansa da shi, yana ganin ramin da ke gaba. Ba ya iya aikinsa daga nesa, tsawon gora shi ne iyakar tazarar da ke tsakaninsu. Kuma ba goya shi yake yi ba, kowa da ƙafarsa yake takawa. A Turanci sai an yi tono mai zurfi kafin a kai ga wannan ma'anar. Mu tamu tana kwance a saman kalmar, mun dai daina kallonta ne tun da muka fara kiran duk mai kuɗin buga fosta jagora.

Haka ma jagaba. Zamanin fataken goro, lokacin da ayari ke tashi daga Kano ya ratsa Borgu ya nufi Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, tafiyar watanni, madugu shi ne uban tafiya, shi ke magana da sarakunan hanya. Amma akwai jagaba, wanda ke wucewa gaba ya duba hanya da inda za a yada zango. Abokanmu na nan suna ta faman kiran "Jagaban, Jagaban" saboda sarautar Jagaban Borgu da Shugaba Tinubu ke riƙe da ita. Da yawansu ba su san Hausa suke yi ba, ba su kuma san sun tsaya a tsakiyar magana ba. Jagaban wa? Kalmar ba ta cika sai an ambaci waɗanda ke baya. In babu ayari a bayanka, gaba kawai ka yi.

To me ya kawo duk wannan dogon tarihi? Lokacin shigowar sababbin ɗalibai ne ya zo.

Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu a buɗe. Yaro ya taso daga Gusau ko Azare ko Mubi, ya kwana a mota, ya sauka a tasha da asuba da jakarsa da ƙullin yaji da garin kunun da aka haɗo masa. Turancinsa na littafi ne, na titin nan kuwa bai taɓa jin irinsa ba. Yana da ƙoƙari, ai shi ya sa ya ci jarrabawa ya zo. Abin da ba shi da shi gani ne. Bai san kuɗin makaranta ta hanyar da hukuma ta sanar ake biya ba, irin su Remita, ba a asusun wani mai fara'a da ke shagon intanet na bakin get ba. Bai san in bai kai fom ɗin kwasa-kwasai an sa hannu a kan lokaci ba, zai iya zama jarrabawa ya ci, sakamako ya ƙi fitowa. Bai san bayan kuɗin haya akwai na ejan da na yarjejeniya da na ajiya ba. Bai san sunkuyar da kai da yin shiru, wanda a gida ladabi ne, a gaban wasu malaman nan alama ce ta wanda bai yi karatu ba. Duk waɗannan babu su a PDF.

Bara wani yaro ɗan jiharmu ya yi kusan sati uku yana kwana a masallacin makaranta. Ranar da ya sauka wani ya tare shi a bakin get, ya ce zai samar masa gado a hostal, ya karɓe kuɗin, lambarsa ba ta sake shiga ba. Kunya ta hana yaron faɗa wa kowa. Ladan ne ya lura da shi, ya kira ɗaya daga cikinmu. Da muka zauna da shi sai muka ji har ya kira babansa ya ce masa gida zai dawo, Kudu ba wurin zama ba ne. Alhali 'yan jiharsu suna nan cike da makarantar, da ƙungiyarsu, da shugabanninsu, da gurup ɗinsu na WhatsApp. Bai san da su ba, su ma ba su san da shi ba. Allah Ya taimaka an samar masa ɗaki, yanzu yana aji biyu.

Wata 'yar uwarmu kuma ba ta yi wannan sa'ar ba. Matar aure ce, tana masta, ta bar 'ya'ya wurin mahaifiyarta ta zo. Ta yi watanni tana raba takardun tambayoyi, tana tattara bayanai, da kuɗin motarta da na buga takardu. Da ta kawo sai aka tambaye ta takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, wadda a sashenta dole a karɓa kafin a fita fili. Ba ta taɓa jin labarinta ba. Aka ce aikin ba zai karɓu ba, sai ta sake daga farko. Ta jingine karatun ta koma gida, har yau ba ta dawo ba. Jumla ɗaya tak daga bakin wanda ya riga ta da shekara guda da ta ishe ta. Kuma asarar ba a kanta kaɗai ta tsaya ba. Kun san abin da za a ce a gidansu ranar da ƙanwarta ta ce ita ma Kudu za ta tafi karatu.

Kafin mu juye laifin duka a kan malamai, mu yi adalci. Malami ɗaya yana duba ɗalibai rututu, ga koyarwa, ga makin jarrabawa, ga taro kan taro. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata 8 ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya tara aji a kan aji. Sufabaiza aikinsa gani daga sama, sunansa ma ya faɗa. In ka dace da wanda ke saukowa ya taka tare da kai, ka gode wa Allah ka riƙe shi da kyau. Amma riƙe gora na yau da kullum aikin wanda ya bi ta wurin jiya ne. Mu ke nan, 'yan aji uku da aji huɗu da 'yan masta da masu digiri na uku.

Ina kuma muke? Muna wurin zaɓe. Ƙungiyoyinmu na jiha-jiha ba su rasa shugabanni ba. Akwai firesidan, akwai sanata, akwai kakakin majalisa, kowa kwamared ne, wani har "Your Excellency" ake ce masa a kan kuɗin rajistar da bai kai na buhun shinkafa ba. Ana buga fosta, ana raba gari biyu, ana wata guda ba a gaisawa. Ranar al'ada a sha babbar riga a ɗauki hoto. Ban ce a daina ba, nima ina son ranar al'ada. Amma a duk jerin muƙaman nan, ku nuna mini na wanda zai tsaya a tasha da asuba. Madugai sun yi mana yawa, jagaba muka rasa.

Abin kunyar shi ne iyayenmu da suka zo Kudu fatauci, ba digiri ba difloma, sun tsara wannan tun tuni. Sabo ta Ibadan tun 1916 take, ga Shagamu, ga Agege. Baƙo in ya sauka da shanunsa ko ya zo sayen goro, akwai maigidan da zai ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da abokin ciniki, ya tsaya masa in rigima ta taso. A Ghana har yau unguwannin baƙi irin waɗannan Zango ake ce musu. Mu da muke rubuta babi guda a kan "conceptual framework", mun kasa gina abin da suka gina da baki da amana.

Sai dai akwai jagora iri biyu da nake jin tsoro, kuma duk muna da su.

Na farko shi ne wanda bai gani ba, ji kawai ya yi. Sabon ɗalibi ya zo, a daren farko a zaunar da shi a cika masa ciki: malam wane ba ya son 'yan Arewa, sashe kaza ba a ba Bahaushe maki, kada ka yarda da kowa a ajinku. Ka tambayi mai maganar, kai ya yi wa? Sai ya ce a'a, haka dai ake faɗa. Ba na musun akwai wariya, wasunmu sun gamu da ita ido da ido, kuma wanda ya gamu da ita ya faɗa da sunan abin da ya faru. Amma wanda ya gaji tsoro daga wani ya miƙa wa na baya, shi ma makaho ne ya riƙe gora. Yaro zai shiga aji da zuciya a ƙulle, ya zauna a layin baya shekara huɗu, ya fita bai san kowa ba sai 'yan garinsu. Tushen kalmar ya riga ya yanke hukunci: abin da ka gani shi za ka nuna. Wanda ba ka gani ba, ka ce ban sani ba, mu je mu tambaya tare.

Na biyu shi ne dillali. A Larabci mai nuna hanya "dalil" ake ce masa, shi muka mayar dalili, abin da ke kai hankali ga gaskiyar magana. Daga wannan tushen kuma dillali ya fito. Su biyun duk sun san hanya, ɗaya dai la'ada yake jira. Dillanci a kasuwa sana'a ce ta halal, kowa ya san da ita. Amma ɗan uwanka ɗalibi da zai ce kawo in yi maka rajista ya ɗora nasa a kai a ɓoye, ko ya ce kawo kaza a rubuta maka furojet gaba ɗaya, wannan ba ja yake yi ba. Mai rubuta maka furojet goya ka ya yi, kuma ranar difens zai sauke ka a gaban malamai ya koma gefe. Ga Turnitin ma tana jira.

Wani abu kuma, jagora ba lallai sai ɗan garinku ba. Ku tuna hijira, shekarar 622. Da Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar (RA) za su bar Makka, wanda suka ɗauka ya nuna musu hanya shi ne Abdullahi bn Uraiƙiɗ, kuma a lokacin yana kan addinin Ƙuraishawa. Suka ba shi raƙumansu biyu, suka yi alkawari ya same su a kogon Saur bayan kwana uku, ya zo ya bi da su ta hanyar gaɓar teku. Abu biyu aka duba a wurinsa, ya san hanya kuma yana da amana. In a tafiya irin wannan an yi haka, mu mene ne namu na ƙin tambayar ɗan ajinmu don sunansa bai yi kama da namu ba?

Ni kaina wadda ta fi riƙe mini gora a wannan karatun wata 'yar ajinmu ce Bayarabiya, Kirista, wadda ta yi digirinta na farko a sashen. Ita ta gaya mini ranar da malaminmu ke zama a ofis da lokacin da ba a tunkararsa. Ita ta ce in ya ce "come back next week", to ranar Litinin da safe ka tura saƙo ka tuna masa, in ka yi shiru zai ɗauka ba ka shirya ba. Ita ta ce, "Mallam, in an yi tambaya a semina ka ɗaga kai ka amsa ko da rabi ka sani, a nan shiru ba ya cin maki." Ko sisi ba ta taɓa nema ba. Da azumi ya zo, ita ta fara ce wa 'yan gurup ɗinmu a matso da lokacin tattaunawa don in samu in yi buɗa baki.

Ku kuma ƙannenmu sababbin zuwa, ga naku. Gora baki biyu gare ta, in ba ka kama naka bakin ba babu mai jan ka. Matambayi ba ya ɓata. Kunyar da aka koya mana ta gaban manya ce da surukai, ba ta gaban fom ɗin rajista ba. Duk wanda ka gani yana taku a makarantar nan kamar gidansu, akwai ranar da ya tsaya a bakin get bai san gabas ba bai san yamma ba. Kada ka ba kowa kuɗi a hannu sai ka tambayi mutum biyu. Kada ka sa hannu a takardar haya sai wani ya karanta tare da kai. In abu ya lalace, ka faɗa a ranar, kada ka bari ya kwana uku.

Ga abin da nake ganin za mu iya, kuma babu wanda ke buƙatar zaɓe ko kuɗin ƙungiya.

Na ɗaya, kowane babba ya ɗauki sabon ɗalibi ɗaya ko biyu, maza su ɗauki maza, mata su ɗauki mata. Ba tura masa saƙon murya ba, a taka da shi da ƙafa: ga ofishin rajista, ga na kuɗi, ga asibitin makaranta, ga masallaci, ga inda ake sayar da abincin da cikinsa zai karɓa.

Na biyu, kowace makaranta a rubuta shafi ɗaya da Hausa, matakin rajista daga farko zuwa ƙarshe, da ramukan da aka faɗa bara. Wanda ya yi rajista kwanan nan shi zai rubuta, don shi ya ga hanyar yadda take yanzu. A riƙa sabunta shi duk shekara.

Na uku, a makon saukar sababbin ɗalibai a sami mutum biyu ko uku da wayarsu za ta kwana a kunne, a kai lambobinsu wurin limamin masallacin makaranta da shugabannin tashar da motocin Arewa ke sauke fasinja.

Na huɗu, mu 'yan masta da masu digiri na uku mu riƙa zama sau ɗaya a wata, kowa ya karanta babin wani kafin ya je gaban sufabaiza, a yi wa mai shirin difens gwaji, a yi masa tambayoyi masu zafi a cikin gida. A gayyato abokanmu Yarabawa da Ibo da sauransu, su ma suna da nasu ramukan da mu muka gani.

Na biyar, duk wanda zai kammala, kafin ya ɗaure kaya ya zauna da na bayansa awa guda ya juye masa abin da ya sani game da sashen. Ilimi da yawa yana hawa mota ya koma Arewa duk shekara ba tare da an bar ko kwafi ba.

Wanda ya shirya riƙe gora a wannan zangon karatu ya rubuta makarantarsa da sashensa a ƙasa, kada dai a sa lambar waya a fili, mai buƙata ya bi ta akwatin saƙo. Wanda kuma yake da ƙane ko ƙanwa da ke shirin tahowa, ya tura masa wannan tun kafin ya hau mota.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya haɗa ƙannenmu da mutanen kirki a duk inda suka sauka, Ya mai da kowa gida lafiya da abin da ya zo nema. Amin.